Matar Da Ta Komar Da Kamfanin Burberry Kan Rigarsa Ta Gado

Cikin shekarar 2006 manyan manajojin kamfanin Burberry, su fiye da 60, suka taru a Ingila daga ƙasashe daban-daban domin ganawa da sabuwar shugabarsu, wata Ba'amurkiya mai suna Angela Ahrendts. Ran nan gari ya lulluɓe da hadari, ga danshi, irin yanayin da aka san Ingila da shi. Shi kuwa Burberry ba abin da ya yi suna a kansa a duniya kamar doguwar rigar ruwa. Amma da Uwargida Angela ta duba mutanen nan, ba ta ga ko guda ɗaya sanye da rigar kamfanin ba.

Ita ce da kanta ta ba da wannan labari cikin wata mujallar ciniki ta Jami'ar Harvard a shekarar 2013. Ta ce abin da ya faɗo mata a rai shi ne, in manyan gida, waɗanda ake yi wa rangwame mai yawa, ba su sayen rigar, ta ƙaƙa za a sa ran baƙo ya zo ya biya cikakken kuɗinta? Daga wannan tambaya ce aikinta na shekara takwas a kamfanin ya taso, aikin da ya sa ta shiga sahun matan da suka fi ƙasaita a cinikin tufafi da sarrafa kantuna a wannan zamani.

ASALINTA

An haifi Angela Jean Ahrendts cikin shekarar 1960 a New Palestine, wani ɗan ƙaramin gari da ke gabas da birnin Indianapolis, a Jihar Indiyana ta Amurka. Ko a ƙidayar 2010 mutanen garin 2,000 ne da 'yan kai. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya shida na gidansu. Mahaifinta ɗan kasuwa ne, mahaifiyarta kuwa tana gida tana kula da iyali. Tun tana ƙarama take sha'awar tufafi, har takan ɗinka wa kanta abin da za ta sa.

Bayan ta gama makarantar sakandare ta garinsu, sai ta shiga Jami'ar Ball State da ke Muncie, a nan cikin jiharsu, inda ta karanta dabarun tsara haja da neman kasuwa. Ta sami digiri cikin shekarar 1981, kuma ba ta ɓata lokaci ba ta nufi birnin Niyok, cibiyar cinikin tufafi ta Amurka. A can ta fara daga ƙasa, ta yi aiki a kamfanoni da dama, har da Warnaco mai yin kayan ciki na mata.

Cikin 1989 ta koma kamfanin Donna Karan, wata mashahuriyar mai zana tufafi, inda ta hau har ta kai matsayin shugaba, tana kula da bunƙasa cinikin kamfanin a ƙasashen waje. A wannan gida ne ta san wani saurayi Bature ɗan Yorkshire mai zana tufafi, Christopher Bailey. A sa'an nan ba wanda ya san abin da sanayyar nan za ta haifar.

Ba duk abin da ta taɓa ne ya yi albarka ba. Cikin 1996 aka ɗauke ta a Henri Bendel, wani tsohon kantin kayan ƙawa na Niyok, aka ɗora mata aikin buɗe rassa a garuruwa 50. Bayan shekara biyu sai masu kamfanin suka fasa shirin baki ɗaya. Cikin 1998 ta koma Liz Claiborne, ta yi shekaru tana hawa mataki-mataki, har ta zama mataimakiyar shugaba mai kula da tambura 22 na tufafi, ciki har da Juicy Couture da Lucky Brand. Watau kafin ta taka Landan ta riga ta yi shekara 25 tana koyon yadda ake saye da sayarwa, da lissafin yadi, da sanin abin da zai shiga kasuwa da abin da zai kwanta a kanta.

GIDAN DA TA TARAR

Shi dai Burberry tsohon gida ne. Wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Thomas Burberry ya buɗe kantin a garin Basingstoke cikin 1856. Cikin 1879 ya ƙago wani yadi mai suna gabadin, wanda ruwa ba ya ratsa shi, ga shi kuma marar nauyi, iska tana shiga. Roald Amundsen, mutumin da ya fara isa ƙuryar kudu ta duniya cikin 1911, ya tafi da kayan wannan yadi. A Yaƙin Duniya na Farko hafsoshin Ingila suka riƙa sa doguwar rigar ruwa ta gabadin cikin ramukan yaƙi, daga nan rigar ta sami sunan da Turawa ke kiranta da shi har yau, watau rigar rami. Cikin shekarun 1920 aka fara yi wa rigar shafi da wani zane mai gidan dara, ruwan ƙasa da baƙi da fari da ja. A ciki zanen yake, sai iska ta ɗaga gefen riga kana a hango shi.

Sannu a hankali abin ya juya. Don neman kuɗi cikin sauƙi, kamfanin ya yi ta ba wasu 'yan kasuwa na ƙasashe daban-daban lasin, su yi kayansu, su buga sunan Burberry, su biya shi la'ada. Zanen da ke ɓoye cikin shafi ya fito waje, ya hau hula da laima da jaka da wando. Masu yin jabu kuwa suka sami abin nema, domin zanen ba shi da wuyar kwaikwayo. A farkon shekarun 2000 'yan tauri masu ta da fitina a filayen ƙwallo na Ingila suka mai da hular kamar alamarsu, har wasu gidajen shaƙatawa suka hana duk mai sanye da zanen shiga. Cikin 2004 kamfanin ya daina yin hular.

Wata Ba'amurkiya ce, Rose Marie Bravo, wadda ta karɓi shugabancin kamfanin cikin 1997, ta fara share fage. Ita ta ɗauko Christopher Bailey cikin 2001, kuma a zamaninta aka sa kamfanin a kasuwar hannun jari ta Landan cikin 2002. Da ta tashi barin aiki aka nemi Angela ta gaje ta. Da fari Angela ta ƙi, domin tana da babban matsayi a Niyok, ga 'ya'ya uku, ga miji mai sana'arsa ta kwangilar gini. Daga baya ta yarda, bayan ta zauna da tsohon abokin aikinta Bailey sun ga bakinsu ya zo ɗaya. Maigidanta, wanda suka san juna tun suna makarantar firamare, ya ajiye sana'arsa ya bi ta Ingila, ya ɗauki nauyin kula da yara. Ta shiga kamfanin cikin Janairu 2006, ta hau kujerar shugabanci ran 1 ga watan Yuli, a shekarar da kamfanin ya cika 150 da kafawa.

Abin da ta tarar ya isa ya ta da hankalin kowane shugaba. Masu lasin 23 ne a duniya, kowa yana yin abin da ya ga dama. Akwai masu zana kaya a Hong Kong, akwai wasu a Amurka, kowane rukuni da nasa salo. Ana sayar da har rigunan karnuka da igiyoyin jansu da sunan Burberry. Rigunan sama, waɗanda su ne asalin gidan, ba su wuce kashi 20 cikin 100 na ciniki ba. Alhali kasuwar kayan ƙawa tana ta haɓaka a duniya, shi Burberry ƙaruwarsa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 a shekara ba.

GYARA TA HANYAR RAGEWA

Galibi sabon shugaba yakan so ya nuna ƙwazonsa ta ƙara abubuwa: sabuwar haja, sabon reshe, sabon abokin ciniki. Ita Angela da ragewa ta soma. Ta lura cewa mai sayen kaya masu tsada ba yadi kaɗai yake biya ba, sunan da ke jikin yadin yake biya, sunan kuwa yana da daraja ne muddin ba a gan shi a ko'ina ba. Duk lasin da aka bayar yana kawo kuɗi yau, amma yana zaizaye sunan da za a ci abinci da shi gobe.

Farko dai ta hana zana kaya barkatai. Ta ba Bailey wuƙa da nama, ta kafa doka cewa duk abin da mai saye zai gani da sunan Burberry, ko riga ce, ko talla, ko tsarin kanti, sai ya bi ta ofishinsa a Landan. Aka rushe rukunin masu zane na Hong Kong, aka kwaso na Amurka. Zanen gidan dara kuwa aka janye shi daga yawancin kaya, aka bar shi a kan kamar kashi 10 cikin 100, aka mai da shi inda ya fito, watau cikin shafi da ƙarƙashin wuyan riga.

Sa'an nan ta shiga karɓo lasin ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci kuɗi da shekaru. Cikin 2010 kamfanin ya biya fam miliyan 70 ya sayi kantuna 50 da wani abokin cinikinsa ke gudanarwa a garuruwa 30 na ƙasar Sin. Cikin 2013 ya karɓo cinikin turare daga hannun kamfanin Interparfums. Babban lasin na Japan, wanda ya daɗe yana kawo riba mai kauri, shi ma aka bari wa'adinsa ya ƙare cikin 2015, bayan ita ta riga ta tashi.

A tsakiyar duk wannan ta kafa rigar ruwa. Aka ƙara jari a masana'antar Castleford ta Yorkshire inda ake ɗinkinta, aka fito da ita launi-launi, salo-salo, aka kuma koya wa masu jiran kanti tarihinta da yadda ake harhaɗa ta, domin su iya gaya wa mai saye dalilin tsadarta.

KUKAN TREORCHY

Gyaran nan bai zo kyauta ba, kuma ba manajoji ne suka biya mafi yawan kuɗinsa ba. Cikin Satumba 2006, wata biyu kacal da hawanta, kamfanin ya ba da sanarwar zai rufe masana'antarsa ta Treorchy, a kwarin Rhondda na yankin Wales, inda ake ɗinka ƙananan riguna masu wuya, ya kai aikin ƙasashen da ƙwadago ke da araha. Mutum wajen 300 ne ke cin abinci a wurin, yawancinsu mata, a yankin da tun rufe ramukan kwal aiki ya yi wuya.

Ma'aikatan ba su yi shiru ba. Suka yi zanga-zanga a ƙofar kantunan Burberry na Landan, mashahuran mutane irin su mawaƙi Tom Jones da 'yar wasa Emma Thompson suka goya musu baya, har aka kira shugabannin kamfanin gaban wani kwamiti na majalisar dokokin Ingila. Tambayar ma'aikatan mai nauyi ce: ta yaya kamfanin da ke tallar kansa da sunan Ingila, yana kuma cin riba, zai kwashe aikin Ingila ya kai waje? Amsar kamfanin ita ce, ɗinkin irin waɗannan riguna a Wales ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma rigar ruwa ce abin da ya wajaba a ci gaba da yi a gida.

Cikin Maris 2007 aka rufe masana'antar. Abin da zanga-zangar ta samo shi ne ƙarin kuɗin sallama, da alkawarin ba al'ummar yankin fam 150,000 kowace shekara har shekara 10. Da tattalin arzikin duniya ya karye cikin 2008, kamfanin ya yi faɗuwa, a farkon 2009 kuma ya sake sanar da rage ma'aikata fiye da 500 a Ingila da Sifen. Duk mai ba da tarihin Angela Ahrendts da gaskiya dole ya ajiye waɗannan mutane kusa da lissafin ribar da ta biyo baya.

NEMAN MATASA

Abu na biyu da ta yi ya ba abokan hamayyarta mamaki. Manyan gidajen kayan ƙawa na Faransa da Italiya, irin su Louis Vuitton da Gucci, sun fi Burberry jari nesa, kuma a lokacin suna ɗari-ɗari da intanet, suna ganin zai zubar musu da daraja. Angela ta ga ba za ta iya ja da su wajen masu kuɗin da suka manyanta ba, sai ta juya ga matasa 'yan shekara ashirin da wani abu, musamman na ƙasashen da arziki ke tasowa kamar Sin. Waɗannan kuwa a wayar hannu suke, sai ta bi su can.

Cikin 2009 kamfanin ya dawo da bikin nuna tufafinsa daga Milan zuwa Landan, ya kuma buɗe wani shafi mai suna Art of the Trench, inda kowa ke iya sa hotonsa sanye da rigar ruwa. Bikin da a da sai wanda aka gayyata ke gani, aka fara watsa shi kai tsaye, har mai kallo na iya yin odar rigar da ya gani kafin ta iso kanti. Cikin Satumba 2012 aka buɗe babban kanti a lamba 121 titin Regent na Landan, wanda aka tsara shi tamkar shafin intanet na kamfanin, da manyan allunan hoto, da madubai masu nuna bayanin rigar da mutum ya ɗauka.

Lissafi ya nuna sakamakon. A shekarar kuɗi ta 2005 zuwa 2006 cinikin kamfanin fam miliyan 743 ne. A shekarar 2013 zuwa 2014 ya kai fam miliyan 2,330, watau ya ninka fiye da sau uku. Darajar kamfanin a kasuwa ta tashi daga wajen fam miliyan 2,000 zuwa fiye da miliyan 7,000. Cikin 2009 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan. Duk da haka hanyar ba ta rasa gargada ba, gama cikin Satumba 2012, da kamfanin ya yi gargaɗin ciniki ya ja baya, hannun jarinsa ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100 a yini guda.

Ita kanta ta sami rabonta. Wani bincike da aka fitar cikin 2013 ya nuna ta karɓi fam miliyan 16.9 a shekara guda, yawancinsa hannun jari, abin da ya sa ta fi duk shugabannin manyan kamfanonin nan 100 samu. A lokacin mata uku ne kaɗai ke shugabantar irin waɗannan kamfanoni. Ingila ta kuma ba ta lambar girma ta Dame saboda hidimar da ta yi wa cinikin ƙasar.

DAGA RIGA ZUWA WAYA

Cikin Oktoba 2013 aka ba da sanarwar da ta girgiza 'yan kasuwa, cewa za ta bar shugabancin Burberry ta koma Apple, kamfanin Kalifoniya mai yin iPhone, ta zama mai kula da kantunansa na fili da na intanet a ƙarƙashin Tim Cook. Kujerar ta yi fiye da shekara ba kowa a kanta, domin wanda aka ɗauka kafin ita, John Browett, wata shida kawai ya yi aka sallame shi. Ta kama aiki cikin Mayu 2014. A wannan shekara abin da aka ba ta, har da diyyar hannun jarin da ta baro a Landan, ya haura dala miliyan 70, ya ninka na shi Cook sau da yawa.

A nan ciwon daban ne, gama kantunan Apple ba su rasa masu saye ba. Abin da ta sa gaba shi ne ta haɗa kantin fili da na intanet su zama abu guda, kana ta ba mutum dalilin zuwa kanti ko da yana iya sayen waya daga ɗakinsa. Ta sake fasalin kantuna, aka fara da na San Francisco cikin 2016, aka sa itatuwa da kujeru da babban allo. Cikin 2017 ta ƙaddamar da shirin Today at Apple, inda ake koya wa jama'a ɗaukar hoto da kiɗa da zane da rubuta manhaja kyauta. Takan ce tana so kantunan su zama dandalin gari. Ƙarƙashinta akwai kantuna wajen 500 da ma'aikata kimanin 70,000, takan kuma aika musu ɗan gajeren saƙon bidiyo kowane mako.

A nan ma ba a rasa masu suka ba. Wasu suka ce dandalin gari na kowa ne, ba na kamfani mai neman riba ba. Cikin 2018 hukumar birnin Stockholm ta Suwidin ta hana gina kanti a wani tsohon lambun jama'a, cikin 2019 kuma shirin gina wani a dandalin Federation na Melbourne, a Ostareliya, ya wargaje. Masu saye kuma suka yi ta gunaguni a jaridu cewa kantunan sun yi kyau ga ido, amma mai neman gyaran waya ko biyan kuɗi yakan daɗe yana jira. Cikin Fabrairu 2019 aka sanar za ta tashi, cikin Afrilu ta miƙa aiki ga Deirdre O'Brien, wadda ta yi shekara 30 a kamfanin.

BAYAN TA TASHI

Daga nan ba ta sake riƙe kamfani da hannunta ba, sai dai zama cikin majalisun darektoci. Ta shiga ta Ralph Lauren cikin 2018, ta Airbnb cikin 2019, ta kamfanin talla na WPP cikin 2020. Cikin 2021 aka naɗa ta shugabar majalisar amintattu ta ƙungiyar agajin yara ta Save the Children ta duniya.

Shi kuwa Burberry, bayan tafiyarta ya ga shugabanni da masu zane iri-iri. Bailey ya gaje ta cikin 2014, ya bar kamfanin cikin 2018. Waɗanda suka biyo baya suka nemi ɗaga shi ya yi kafaɗa da gidajen Faransa da Italiya, suka mai da hankali kan jakunkunan fata masu tsada da sababbin salo, suka ƙara farashi. Masu saye suka ja baya. Cikin Satumba 2024 kamfanin ya faɗo daga jerin manyan kamfanoni 100, bayan shekara 15 a ciki.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Cikin Nuwamba na wannan shekara ta 2024 sabon shugaban kamfanin, Joshua Schulman, ya tsaya gaban masu hannun jari ya bayyana shirinsa na ceto. Jigon shirin shi ne a koma kan mayafin wuya da doguwar rigar ruwa, rigar nan da Angela Ahrendts ta nema a jikin manajoji 60 ta rasa, shekara 18 kafin nan.